Filin Tambaya da Amsa: Shago ko Waya, Ina Cinikin Yake?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo yawancinsu kan abu ɗaya ne, wato saye da sayarwa ta waya. Mun zaɓi shida daga ƙauyukan Kano da Jigawa. Kuɗaɗen da muka yi lissafi da su misali ne kawai, kowa ya sa farashin da ke kasuwarsu a ranar.

Assalamu alaikum. Ina da tireda a wani gari kusa da Gujungu, ina sayar da sukari, taliya, omo, sabulu, man gyaɗa da madara. Ɗana da ke karatu a Dutse ya matsa min wai in rufe shago in koma sayarwa ta intanet, ba haya, ba zaman jiran ciniki. Yana da gaskiya?
Mai tireda, ƙaramar hukumar Taura

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, amma kada ka rufe shagon nan.

Waya magana take kaiwa da hoto da kuɗi. Kaya kuwa sai sun hau mota. Saboda haka duk abin da za a sayar wa na nesa, a fara auna nauyinsa da ribarsa. Ɗauki katan ɗin taliya. A ce ka saro shi naira 18,000, ka sayar 19,000, ribarka 1,000. In wani a Kano ya saya ta waya, ɗan dako zai karɓi nasa, direba zai karɓi nasa, kafin katan ɗin ya wuce Ringim ribar ta ƙare an shiga uwar kuɗi. Balle ma wa zai nemi taliya a Gujungu alhali kasuwar Singa, inda kai kanka kake sarowa, tana bayan gidansa?

Ka kuma duba su wa ke saye a wurinka. Yarinya ce aka aiko da naira 200 ta sayo ɗunƙule, tukunya na kan wuta. Magidanci ne zai karɓi ƙullin sukari da ganyen shayi, ya ce a rubuta sai ranar Lahadi in kasuwa ta ci. Abin da tireda ke sayarwa ke nan: kusanci, ƙulli daidai aljihu, da bashin kwana uku ga wanda ka san gidansu. Babu kantin intanet da zai yi wa ƙauye wannan aikin.

Inda wayar za ta yi maka amfani shi ne wajen sari, ba wajen sayarwa ba. Lissafa abin da zuwa Kano ke ci maka: kuɗin mota zuwa da dawowa, abinci, dako, ga shago a rufe ko a hannun yaro yini guda. Ka samu diloli biyu ko uku a Singa waɗanda ka san shagonsu da idonka. Ranar da za ka yi sari, tura musu jerin kaya iri ɗaya da safe, kowa ya ba ka farashinsa a rubuce. Wanda ka zaɓa ya turo hoton rasit da hoton kayan a ɗaure, ka tura kuɗi asusun shagon, ba asusun yaron shago ba, a kai tasha a ba ka lambar direba. In kun haɗu ku masu tireda uku ko huɗu kuka yi sari tare, kuɗin mota zai rabu, farashin ma yakan sauka saboda yawa.

Abubuwan da ke lalata wannan tsari sanannu ne. Dila yakan tura wa na nesa kayan da wa'adinsu ya kusa cika, musamman madara da lemon kwali, don ya san ba ka nan balle ka juya gwangwani ka duba. Ka ce a ɗauko maka hoton kwanan watan da ke jikin katan kafin ka biya. Akwai kuma katan da aka buɗe aka zare biyu aka sake liƙewa, da kamfanin da ya rage girman leda farashi bai canza ba. Ƙirga kayanka a gaban direba kafin ya tashi. Kuma kada ka daina zuwa gaba ɗaya: in ka yi sari uku ta waya, na huɗu ka je da ƙafarka, ka ga sabon kayan da ya shigo, su ma su tuna fuskarka.

Shi kuma yaron, ba shi aikin da zai yi riba. Kafin azumi da mako biyu, da lokacin bukukuwa bayan kaka, ya riƙa sanar da mutanen gari ta WhatsApp cewa ana karɓar odar buhun sukari, jarkar mai da kayan gara. Mai so ya ba da kafin alƙalami, kai kuma ka saro daidai abin da aka nema, babu kwantai.

Ni matar aure ce, ba na fita. Wani mai shago a Kantin Kwari yana turo min hotunan atamfa da leshi ina sawa a status na WhatsApp, in an zaɓa sai in aika a sayo. Ciniki na tafiya, amma ƙarshen wata ba na ganin kuɗi, ga rigimar wai kalar ba ita ba ce. Ina gyaran yake?
Wata 'yar kasuwa, Minjibir

Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, kuma matsalar biyu ce a haɗe: lissafi da hoto.

Bari mu fara da lissafin. A ce turmi kin saro shi 9,000 kin sayar 10,500, a zuci kin ce ribarki 1,500. Amma turmi ɗaya aka ɗauko miki daga Kano, kuɗin mota 600. Ɗan acaɓan da ya kai wa mai shi ya karɓi 400. Leda 100, data da cajin tura kuɗi 150. Jimla 1,250, abin da ya rage miki 250. Ranar da aka dawo miki da turmi ɗaya kika karyar da shi da faɗuwar 1,500, ribar turmi shida ta tafi. Shi ya sa waya ba ta hutawa amma jaka ba ta nauyi.

Maganinsa ki daina aikawa ɗaya-ɗaya. Ki sa rana: ana karɓar oda daga Asabar zuwa Talata, ana sayowa Laraba, ana rabawa Alhamis. Turmi goma a ɗauri guda, ko an karɓi 2,000 kuɗin mota, kowanne 200 ya ci maimakon 600. Wadda ke gaggawa ta biya kuɗin motarta daban. Waɗanda ke cikin gari su aiko yara su karɓa a gida. Ki kuma samu littafi ki rubuta kowane ciniki da abin da ya ci, ki raba kuɗin sana'a da na cefane, don nan ne jarin mata da yawa ke zurarewa ba su sani ba.

Batun kala kuwa, hoton mai shago an ɗauke shi ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, wani lokaci an ƙara masa haske, sannan kowace waya da yadda take nuna launi. Ja yakan koma ruwan goro, shuɗi mai duhu ya zama baƙi. Ki roƙe shi ya riƙa yin gajeren bidiyo a bakin ƙofar shago cikin hasken rana, ya buɗe turmin, ya nuna gefen da aka buga sunan kamfani, ya murza a ga kaurinsa. Ki faɗa wa mai saye gaskiyar kayan: auduga ce ko mai roba, yadi shida ne cif ko da ragi. Ki rubuta farashi a jikin hoton. Masu cewa sai an biyo su ta bayan fage a ji kuɗi suna korar mai kunya ne, ita kuwa mai kunya ta fi biya ba ja-in-ja.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan nauyi. Kayan Kwari ba sa jira. Zanen da aka turo miki hotonsa makon jiya wataƙila ya ƙare, sai yaron shago ya ɗauko mai kama da shi. Rabin rigimar daga nan take. Sannan hadisi ya zo da hani kan mutum ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Don haka ki fito fili: ko dai ki ce ke dillaliya ce, kina sayo wa mutum ki ɗora la'adarki, ko ki ce oda kike karɓa, ciniki bai faɗa ba sai an tabbatar kayan na nan. Kafin ki karɓi kuɗin kowa, kira shagon a ware miki turmin. In jari ya ɗan taru, ki ajiye turame biyar zuwa goma na zanen da kika ga ana yawan nema, mata su zo su taɓa da hannunsu.

Ki sani kuma, status awa 24 yake yi, kuma ba mai ganinsa sai wadda kika adana lambarta ita ma ta adana taki. Hotuna arba'in a dare ɗaya ba mai kallonsu zuwa ƙarshe. Shida ko takwas sun isa, sauran ki zuba su a katalog na WhatsApp Business, kyauta ne. A ganinmu ma, in kin iya haɗa turaren wuta, humra ko dakan yaji, sun fi atamfa riba a waya. Ba su da nauyi, kuma babu mai ɗaukar hotonsu ta tura Kwari ta ji nawa kika saro.

Ranar kasuwa wani ya sayi buhun gero biyu a hannuna, ya nuna min rasit a wayarsa, saƙo ma ya shigo wayata. Da yamma na je wurin mai POS, babu ko kwabo. Yaya zan kare kaina?
Ɗan kasuwar hatsi, Maigatari

Allah ya mayar da alheri, Malam. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 taransifa ta shiga kasuwannin ƙauye, 'yan damfara kuma suka biyo ta. Kasuwa mai cika irin ta Alhamis a Maigatari ita suke so, don sun san kana sauri.

Rasit a wayar mai saye ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirarsa cikin minti ɗaya. Saƙon tes ma ana iya turo shi da suna mai kama da na banki. Shaida ɗaya ce: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. In babu data, buga lambar bankin ta duba asusu, tana aiki ko a ƙaramar waya. In sabis ya ɗauke, kaya su tsaya, ko ku je wurin mai POS ya cire ya ba ka a hannu. Wanda ya ce motarsa za ta tashi ba zai iya jira ba, bar shi ya tafi.

Akwai dabaru biyu da ba kowa ya sani ba. Na farko, a turo alat na bogi da kuɗin da ya zarce, a ce kuskure ne ka mayar da ragowar. Ka rasa kaya, ka ƙara da kuɗinka. Na biyu ya fi muni: ɗan damfara ya tallata hatsinka ga wani a intanet, ya ba shi lambar asusunka, wancan ya biya da gaske, shi kuma ya zo ya kwashi kaya. Gobe wanda ya biya ya kai ƙara, a rufe asusunka. Don haka duba sunan da ya turo kuɗin; in ba na wanda ke tsaye gabanka ba ne, sai ya kira mai sunan ka ji daga bakinsa. Lambar sirri da lambar da banki ko WhatsApp ke turowa kuwa, ko wa ya kira ya nema, kada ka faɗa.

Ina da hanyar samun bandar kifi mai kyau a Hadeja. Na sa hoto a Facebook, mutane daga Abuja, Kaduna har Legas suna tambaya. Ta yaya zan aika ba tare da asara ba?
Wani matashi, Hadeja

To ɗan'uwa, kai ne kake da irin kayan da waya ta dace da su: abin da yake da araha a garinku, yake da tsada a can, kuma darajarsa ta fi nauyinsa. Haka kilishi, zuma, zoɓo da dabinon Dutse.

Fara daga kifin. Banda da bai bushe sosai ba ya fi nauyi a sikeli, amma in ya kwana biyu a rufe cikin zafin mota zai yi fumfuna. Karya ɗaya ka duba cikinsa, musamman wajen kai da ciki. In da laushi ko danshi, a mayar da shi kan wuta. Kada ka ɗaure shi da ɗumi, kuma kada ka kulle shi a leda, gumi zai yi. Kwali mai kauri, a shimfiɗa takarda mai tsabta, a jera manya a ƙasa, a cike gurabe don kada ya yi ta girgiza ya isa ya zama gari. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya da wasu ke yayyafawa guba ne, kada ka kusance shi, kada kuma ka sayi kifin da ke warinsa.

Sayar da kilo, ba da kwali ba. Kwali ba shi da ma'auni, abin da kai ka kira babba wani ƙarami zai gani. Ɗora a sikeli, yi bidiyo ana ganin lambar, sannan a rufe a naɗe da salatif a cikin bidiyon.

A tasha, kada ka miƙa wa direba a bakin titi don araha. Shiga ofishin ƙungiyar direbobi a rubuta, a ba ka takarda. Rubuta suna da lambar mai karɓa a gefe biyu na kwalin da alƙalami mai kauri. Ɗauki hoton lambar motar, karɓi lambar direba, tura wa mai kaya nan take. Tsaya ka ga inda aka ɗora: ba ƙarƙashin buhu ba, ba kusa da jarkar fetur ba, da damina kuma ƙarƙashin tamfol. Yawancin ɓatan kaya a wurin canjin mota yake faruwa, don in babu mota kai tsaye sai an sauke a Kano an kai wata tasha. Ko ka nemi mai tafiya kai tsaye, ko ka samu amintacce a Kano da zai karɓa ya sake ɗorawa, ka sa ladansa cikin farashi. Legas ta kai kimanin kilomita 1,000 daga Kano, saboda haka fara da Kaduna da Abuja har hannunka ya faɗa.

Ku gama magana kafin kaya su tashi: wa ke biyan kuɗin mota, wa ke biyan kuɗin ajiya a tashar can, me za a yi in ya iso a farfashe. Kada ka yarda da "in ya iso zan biya" ga wanda ba ka sani ba. In ya ƙi ɗaga waya, kifinka na tasha yana lalacewa, dawo da shi kuma wani kuɗin ne. Shi ma yana tsoronka, kuma da hujja. Ce masa ya gwada da kilo biyu. In abin ya kankama, yi wa sana'ar rajistar suna a hukumar CAC ka buɗe asusu da sunan, mutane sun fi sakin jiki su tura kuɗi. Ranar da ka fara zubawa a leda mai tambari don shagunan birni, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta zama dole.

Ina noman rani. Na ga injin ban-ruwa da famfon sola a intanet, farashinsu ya yi ƙasa da na Kano sosai. In saya?
Manomi, Kura

Malam, ba a cinikin biri a sama, balle Kura da Kano tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Rarrabe wuraren tukuna. Akwai manyan kantunan intanet irin Jumia da Konga, da suka fara aiki a 2012, waɗanda kuɗi ke bi ta hannunsu kuma suna da ƙa'idar mayar da kaya cikin 'yan kwanaki. Akwai dandalin talla irin Jiji da shafukan Facebook, inda kowa ke iya sa hoto; su haɗa ku kawai suke yi, abin da ya biyo baya tsakaninku ne. A irin na biyun, kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya, komai daɗin farashin.

Inji abu ne da ake tayarwa kafin a biya. A kasuwa za ka sa a zuba mai a ja igiya, ka ji ƙararsa, ka ga ko inci biyu ne ko uku daidai da tiyonka, ka tambayi ko ana samun kabureta, fulogi da sil ɗinsa. Tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka. Injin da babu kayan gyaransa, in ya tsaya tumatir na fure, kwana huɗu sun isa su jawo asarar da ta ninka rarar da ka samu.

Sola ta fi wuyar sha'ani. Ana liƙa wa ƙaramin faranti takardar da ke nuna ƙarfin babba, a hoto kuwa ba ka ganin girma. A shago za a fitar da shi rana a auna da mita a gabanka. Famfon ma sai an san zurfin ruwanka da nisan da za a tura shi. Wanda ake ajiyewa a sama ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, in rijiyarka ta fi haka sai na jefawa ciki. Mai sayarwar da bai tambaye ka zurfi ba, bai san abin da yake sayarwa ba. Yi amfani da farashin intanet ka san inda za ka fara tayi, sannan ka shiga mota.

Ina da shagon waya da caja. Yanzu mai saye sai ya buɗe wayarsa ya nuna min wai a intanet ya fi araha. Me zan ce masa?
Mai shago, Wudil

Kada ka yi fushi, kada kuma ka karya farashi nan take. Karɓi wayar ku duba tare. Sau da yawa ba iri ɗaya ba ne: tasa mai ma'ajiya 64GB ce taka 128GB, ko gyararriya ce aka sake sa wa kwali. In iri ɗaya ce, ku gangara ƙasa ku ƙara kuɗin kawowa, da kuɗin motar zuwa birni inda zai karɓo, da kwanakin jira. Sannan faɗa masa abin da ke cikin farashinka: zai kunna a gabanka, za ka juye masa lambobinsa, ka liƙa gilashi, in ta ba da matsala cikin mako ya san ƙofar da zai dawo. Rubuta wannan alkawari a bayan rasit tare da lambar jikin wayar.

In bayan duk wannan bambancin yana da yawa, to sarinka ne ya yi tsada. Ranar Asabar, bayan kasuwar Juma'a ta watse, kira diloli uku a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ka ji nawa suke bayarwa.